Ciwon 'Yata Ya Tsufa, Ranka Ya Daɗe

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Gidauniyar Sabon Murmushi, uban yara a jarida, gatan talaka a allon talla, mai almakashin buɗe taro wanda bai taɓa dakushewa ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mutumin da hotonsa ya fi ƙofar cibiyarmu tsawo, zan fara da ranar da na gane abin da ya faru. Ba ranar da 'yata Auta ta rasu ba ce, ranar ban gane komai ba. Sai daga baya, ina zaune mutane suna ta shigowa ta'aziyya, wata budurwa daga ofishinka ta zo, ta durƙusa har ƙasa, ta yi kuka na gaske. Ni ce ma na koma ba ta haƙuri, na ce ai ba laifin kowa ba ne tunda maganin farfaɗiya ya yanke ko'ina. Ta ɗago ta dube ni, ta ce a'a Mama, magani yana nan, shi dai ba ya cikin tsarin bana, bana sabbin dabaru kawai ake ba tallafi. Da zuciya ɗaya ta faɗa, don Allah kada ka kore ta. Ni kuwa duk watannin nan na ɗauka kamfanin maganin ne ya ƙone, ko jirgi ya nutse da kayan. Ashe ciwon 'yata ne ya tsufa.

Karatuna bai yi nisa ba, in ka ga kuskure ka tsallake. Cibiyar da nake magana ɗaki biyu ce a bayan shagon mai walda. Mama Nas ce ta buɗe ta bayan ta bar aikin asibiti, domin yara masu farfaɗiya da iyayensu. Da tallafinka muke karɓar magani kowane wata. Auta ta daina faɗuwa, ta koma makaranta, ta yi kumatu, har ta fara gyara mini magana a gaban mutane. Wannan na gode, kuma ba da gatse na faɗa ba. Da maganin ya tsaya, kullum Mama Nas sai ta ce mana yana hanya. Kunya ce ta hana ta faɗa mana cewa ta roƙa an ƙi.

Auta ta tafi, ba ita nake nema wa komai ba. Amma akwai ƙawarta, 'yar mai ɗinkin layinmu, wadda muke kira Rediyo saboda bakinta ba ya mutuwa. Ciwonsu ɗaya, maganinsu ɗaya, kuma ta koma faɗuwa. Saboda ita na jero maka waɗannan koke-koke cikin ladabi.

Na ɗaya. Lokacin da kuka zauna a ɗaki mai sanyi kuka rufe shirin magani, shin an sanar da farfaɗiya? Ina tambaya ne domin da alama saƙon bai same ta ba. Tana nan tana zuwa aiki kamar yadda ta saba, ba ta makara, ba ta hutun ƙarshen mako. In akwai wanda aka aika ya gaya mata bai je ba, a binciki wannan mutum.

Na biyu. An ce lokacin da Mama Nas ta sake roƙon magani, amsar da ta samu ita ce ai an riga an yi wannan bara, a kawo wani abu sabo. Ranka ya daɗe, kai ma ka ci abincin rana bara. Bana ka daina? Direbanka ya zuba wa motarka mai bara, bana da sabuwar dabara take tafiya? Da Mama Nas, baiwar Allah, ta ga za a rufe mata ɗakunan gaba ɗaya, sai ta nemi abin da ta ji kuna so, wato koya wa yara zane domin su fitar da damuwarsu. Nan da nan kuwa mota ta zo da fenti kala-kala da buroshi da manyan takardu. Kabad ɗin da muke ajiye magani ya cika har ba ya rufuwa. Ba na ƙin zane. Auta ta zana mini kyanwa, ta fito kamar buta mai gashin baki, tana nan manne a bangon ɗakina, wanda ya taɓa ta za mu ɓata. Sai dai na duba jikin gwangwanin fentin nan sama da ƙasa, ban ga inda aka ce a sha safe da yamma ba.

Na uku. Na yi tunani sosai a kan laifin da magani ya yi muku, ina jin na gano. Ƙwayar ƙarama ce, tambarinku ba ya hawa kanta. Kuma yaron da bai faɗi ba ba ya kyau a hoto, yaro ne kawai yana tafiya makaranta da takalmi a karkace, wa zai buga wannan a mujalla? Amma yaro da fenti a hanci yana dariya, kai ma ka san ya fi. To mu iyaye mun zauna mun yi shawara. In taro ne matsalar, za mu riƙa ɗaura wa kowane kwalin magani jan ƙyalle, ka zo ka yanka. Duk yaron da ya haɗiye ƙwaya mu tashi mu tafa. Mai walda ya ce zai ba da aron kujeru, matarsa kuma ta iya waƙar maraba da manyan baƙi.

Na huɗu. An kwashe mu iyaye mata zuwa otal domin a koya mana juriya. Wani saurayi mai kyakkyawan takalmi ya sa muka yi da'ira, muna jefa wa juna ƙwallon zare, kowa ta faɗi abin da take godiya a kai. Ya koya mana jan numfashi a hankali. Matar mai ɗinki ta raɗa mini cewa ita tun da aka haife ta take numfashi ba wanda ya ba ta takardar shaida sai yau. Na yi dariya har aka harare ni. Abincin ya yi daɗi, na ƙunso wa Auta nama a jaka.

A lokacin nan babanta, wanda direban motar haya ne, yana zagaya kemis-kemis. Wani watan ya samu maganin ya saya, wani watan ya shigo gida bai kalli idona ba. A irin watan na biyu ne Auta ta shiga wanka da safe tana waƙa, za ta makaranta. Ina soya mata ƙwai. Waƙar ta tsaya, na ɗauka sabulu ne ya shiga mata ido. Ciwon ne ya tashi, ta faɗa da fuska cikin bahon ruwa. Na ja numfashi a hankali kamar yadda aka koya mana, ranka ya daɗe. Bai yi aiki ba.

Na biyar, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. An aiko mini da gayyata mai ƙyalli, wai za a sa wa ɗakin zane sunan Auta, ni zan riƙe maka gefen ƙyalle, kuma in sa rigar gidauniya. Rigar ta iso, ta yi mini yawa, babanta yana goge gilashin mota da ita, tana ɗauke ƙura sosai. Ina tambaya cikin girmamawa: me ya sa 'yata ta zama sabon abu bayan ta mutu? Tana da rai tsohon shiri ce, yanzu har da allo da furanni?

Ba zan zo ba. Amma tunda sabo kuke so, ga dabara na kawo kyauta, ban ji wata gidauniya ta taɓa gwada ta ba. A ba yaro magani wannan watan. In wata ya ƙare, a sake ba shi. Haka nan ta yi ta tafiya har ya girma ya yi gemu, ko ta girma ta fara damun uwarta da zancen kayan kwalliya. Ku sa mata suna mai daɗi da Turanci, masu ilminku ba za su rasa ba. In kuna son sunan Auta a kai, na ba ku, har da hotonta mai kyau wanda take dariya da giɓi. A kan wannan kaɗai na yarda.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya irin wadda ba ta bukatar sabuntawa duk shekara, ya sa likitanka kada ya taɓa ce maka ai ya duba ka bara. Ya ƙara wa almakashinka kaifi, ya tsare hotonka daga ruwan sama.

Taka mai biyayya har ƙasa, wadda ta ci kwas ɗin juriya da sakamako mai kyau,

Mahaifiyar Auta,
ta bayan shagon mai walda.

Na manta ban faɗa ba. Jiya Rediyo ta faɗi a bakin titi tana dawowa daga makaranta, mai shayi ne ya janye ta daga gaban babur. Leɓenta ya fashe, ta yi shiru tun jiya. Har yanzu ba ta sha maganin wannan watan ba.