Ranar da na sa wa memorin kwamfuta magagari

Ba zan taɓa mantawa da makon da na kusa kayar da matata a jarrabawa ba, da hannuna, da kuma magagarin da nake wasa fartanya da shi. Yau na haura sittin, amma in na tuna sai in ji kamar in shige rumbu in ja murfi.

Matata, wadda duk Kafur ke kira Malama, ta daɗe tana koyarwa a firamare. Aka kira malamai jarrabawar ƙarin girma, aka ce da kwamfuta za a yi, ba da biro ba. Ita ce damarta ta ƙarshe kafin ritaya. In ta faɗi, a matakin da take za ta sauka. 'Yarmu Ladi, mai aikin jinya a Kaduna, ta aiko mata da tsohuwar kwamfuta, irin mai akwatin nan, da tambayoyin gwaji a ciki. Sai dai abar akwai nawa. Malama za ta danna amsa, ta je ta tuƙa tuwo ta dawo, kwamfuta na nan tana tunani.

Saura kwana biyar muka kira Ladi. Ta ce, "Baba, memori ne ya yi mata kaɗan." Na ce to a kwashe hotunan bikin da ke ciki mana, wuri ya samu. Ta ce, "A'a Baba, wancan rumbu ne. Wannan kamar tabarmar shanya ce, in ta yi ƙanƙanta aiki ba ya sauri." Na ce na gane. (Ban gane ba. Har yau ina mamakin abin da kwamfuta ke shanyawa.) Ta ƙara da cewa in cire wanda ke ciki in kai shago a ba ni irinsa.

A nan na fara ɓata. Ni mutum ne da ke gyara injin ban-ruwa da kaina, ba na ɗaukar ƙarfe in yi ta yawo da shi a kasuwa kamar baƙo. Washegari na buɗe akwatin, na ga ɗan koren abu dogo kamar mataji, da wani rami a gefensa babu komai. Na karyo tsinken tsintsiya na auna tsawonsa, na jefa a aljihu, na hau babur sai Malumfashi.

Mai shagon, Malam Sabi'u, mutum ne mai sanyin magana. Na ce na hannu nake so, don lokacin sayen taki ne, sabo ya fi ƙarfina. Ya ce, "Wane iri, Baba?" Na zaro tsinke na ajiye masa a tebur. Ya dubi tsinken, ya dube ni.

"Baba, ai duk tsawonsu ɗaya ne. Da kun zo da tsohon."

Na ce, "Malam, ina auna abin inji da tsinke tun ba ka fara gemu ba."

Ya ba ni wanda ya fi zaton shi ne, ya ce in ya ƙi shiga kada a matsa, a dawo da shi a canza. Na ji maganar, amma da kunnen da nake jin hasashen ruwan sama a rediyo.

Da na dawo Malama na makaranta. Na gwada, ya ƙi. Na juya shi, ya ƙi. Da na sa tabarau sai na ga akwai 'yar tsaga a ƙasansa, a cikin ramin kuma akwai ɗan haƙori, amma ba su yi daidai ba, bambancin bai kai faɗin ƙwayar dawa biyu ba. Na yi dariya ni kaɗai. Wannan ai matsalar ruwan fartanya da ƙota ce: in ya ƙi zama, a ɗan rage. Na ɗora shi kan turmi, na ɗauko magagari, na buɗe masa sabuwar tsaga tsaf. Ya shiga, har da ƙara ƙas. Na tayar da janareto, na danna.

Fankar cikin akwatin ta juya sau ɗaya. Sai ƙauri, irin na roba a wuta, sai ɗan hayaƙi siriri. Na kashe na kunna. Na cire sabon na bar tsohon. Na hura. Na buga gefen akwatin yadda nake yi wa rediyo. Shiru. Na zauna ina kallonta, kaina ya ɗaure: abu ya shiga daidai, to me kuma take so?

Malama ta shigo ta ja hanci. "Baban Ladi, me ke ƙonewa?"

Nan na yi abin da ya fi hayaƙin muni. Na ce mai shago ne ya sayar mini da ruɓaɓɓe. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna bakin gado da littafinta a cinya, ta ce a hankali, "Saura kwana huɗu." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari ta ce sai ta bi ni. Muka ɗaure akwatin a bayan babur, ta rungume shi har Malumfashi. Ni kuwa, don in cika ƙaryata, tun daga bakin ƙofa na ɗaga murya. Na ce an raina manoma, ana ba mu shara. Tela na kusa ya bar kekensa, mai shayi ya matso, 'yan acaɓa suka kashe babura.

Malam Sabi'u ya miƙo hannu. Ya karɓi memorin, ya ɗaga shi sama wajen haske, ya daɗe yana kallo.

"Baba, da tsaga ɗaya na ba ku. Ta biyun fa?"

Na ce wataƙila haka kamfani ya yi shi.

"Kamfanin nan kuwa yana da magagari mai kyau," in ji tela. Abin ya fara zagayawa hannu zuwa hannu. Wani ɗan acaɓa ya shafa da yatsa ya ce, "Wallahi aikin ya yi tsaf, Baba, ko maƙeri sai haka."

Sai na ji muryar Malama a bayana. "Baban Ladi. Koren garin da na share a kan turmina jiya, shi ne wannan?"

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Kaɗan na rage." Wurin ya fashe da dariya, mai shayi har da riƙe ciki. Ni kuma (Allah ya yafe mini) ban daina ba, na ce, "Amma ai ya shiga!"

Malam Sabi'u ya ce, "Ya shiga, Baba. Tsagar nan an yi ta ne don ta hana shi shiga inda ba nasa ba. Ita kaɗai ce mai gadin, kuka kore ta."

Ya duba akwatin ya ce babban allon ciki ya ƙone, kuma ba a samun irinsa sai an aika Kano. Malama ta juya fuska tana gyara ɗankwali, na san hawaye take ɓoyewa. Mutumin da na zaga a gaban jama'a shi ya ce tambayoyinta suna nan ba su ƙone ba. Ya kwashe su ya zuba a kwamfutar shagonsa, ya jawo mata kujera, ya ce ta riƙa zuwa bayan an tashi makaranta.

Kwana uku ina kawo ta ina zama a benci a waje, duk wanda ya wuce sai ya gaishe ni da "Sannu injiniya." A rana ta biyu na shiga na ba Malam Sabi'u haƙuri a gaban telan nan, tunda a gabansa na yi ɓarnar. Ya ce ya wuce.

Malama ta ci jarrabawarta, ba da taimakona ba. Abin da na koya, da tsufana, shi ne in abu ya ƙi shiga, ba kullum ne shi ke da laifi ba, wani lokaci ni yake ceto. Ita ma ta koyi nata darasin. Bayan ƙarin girman ta sayi ƙaramar kwamfuta mai naɗewa, tana kulle ta a akwatin kayanta, makullin a bakin zanenta. Na taɓa ce mata ai unguwarmu ba ɓarayi. Ta ce, "Na sani, Baban Ladi."