Yadda Na Mayar Da Kakanmu Ango

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na aurar wa kakana yayata, kuma na sanar da dangi kaf ta waya.

Lokacin ina aji ɗaya a jami'a a Wudil, ina karanta ilimin kwamfuta, an fara koya mana yaren kwamfuta da ake kira Python ke nan. Mu 'yan Darki ne. Tun rasuwar mahaifinmu, kakanmu Malam Idi ne ya riƙe mu, ni da Yaya Hadiza. Ita ce ma ta yi ta lallaɓa shi har ya yarda na shiga jami'a, ita kuwa ta zauna kan keken ɗinkinta. Shi ya sa da aka sa ranar aurenta da Nura, wani malamin firamare ɗan Lajawa, na ƙudura sai na yi mata wani abu da karatun nan nawa.

A satin ne malamarmu ta koya mana dikshonari. Ba littafin nan mai kauri ba (ko da yake na san wadda ta je laburare nemansa, ba zan dai kama suna ba). A Python, dikshonari ma'ajiya ce da kowane abu yake da mabuɗinsa. Ka ba ta suna, ta miƙo maka abin da ka ajiye a ƙarƙashin sunan. Ka ce mata Gwaggo Asabe, ta ba ka lambar wayar Gwaggo Asabe. Abin ya shige ni, har na fara jin kaina.

Da na je gida ƙarshen mako na ce, "Yaya, ki bar maganar buga kati. Ni zan tura wa kowa gayyata a waya, kowa da sunansa."

Ta ɗago daga keken ta dube ni. "Kin iya kuwa?"

"Ai wannan ƙaramin abu ne a wurinmu," in ji ni. (A lura da "wurinmu". Ni da kwanan nan na daina neman haruffa da yatsa ɗaya.)

Na tattara lambobin danginmu da na dangin ango, na zuba su a dikshonari. Sai na rubuta abin da ake kira fankshin, wato kamar injin niƙa, ka zuba masa sunaye ya fitar maka da saƙo. Na yi masa gurbi uku a jere: mai gayyata, amarya, ango. Amma washegari da na zo zuba sunayen, na manta yadda na jera su. A kaina ango ake fara ambata, don haka na rubuta Nura, Hadiza, Malam Idi. Python kuwa ba ta tambaya. Wanda ya zo farko shi take ba gurbin farko. Na danna maɓallin turawa, ban buɗe ko saƙo ɗaya na karanta ba, na tsaya ina kallon sunaye suna wucewa ina murmushi.

Bayan la'asar sai ga baffan ango, Alhaji Sale, a kan babur daga Lajawa. Ya sami Kaka a zaure. Na kai musu ruwa, na durƙusa na gaishe shi. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi gona, aka tambayi gajiya, aka sake komawa kan iyali. Can Alhaji Sale ya zaro waya daga aljihu.

"Malam, wani saƙo ne ya iso mana, muka ce gara mu zo mu ji daga bakinka."

Idon Kaka ya yi rauni, sai ya miƙo mini wayar. "Karanta mana, 'yar jami'a."

Na gane saƙona ne. Na gyara murya, ina tsammanin yabo aka zo yi.

"Iyalan Nura suna farin cikin gayyatar Alhaji Sale ɗaurin auren 'yarsu Hadiza da angonta..." Nan na tsaya na ɗago na dubi Kaka.

"Ci gaba mana," in ji Kaka.

"Da angonta Malam Idi."

Ni kuwa abin da ke yawo a kaina shi ne dikshonarin nan ya yi aikinsa tsaf, bai tsallake kowa ba. Liman ya samu. Uwar ango ta samu. Shi kansa Nura ya samu, an gayyace shi da sunansa.

Kaka ya shafa gemu a hankali. "To Alhaji, ka dai ji da kunnenka. Tun tana goye nake cewa matata ce, kuka ɗauka wasan jika ne. Ga shi na'ura ta tabbatar. Ka ba Nura haƙuri, an riga shi."

Alhaji Sale ya yi dariya har da share hawaye. Sai daga baya ya faɗa cewa uwar ango ko abincin rana ta kasa ci, ta ɗauka an fasa auren ne ake gaya musu a fakaice.

Na shige ɗaki na kifa kai a gado ina kuka. Wayar Yaya sai ƙara take, ƙawayenta suna ta kira. Na jira faɗa. Sai ta kashe wayar, ta zauna, ta ɗora kaina a cinyarta.

"Na san fita kunyata kika so yi," ta ce. "Tashi ki wanke fuska ki gyara. Kuma ke za ki sake turawa, ba wani ba."

Na juya sunayen, na tura wa kaina na karanta, na ba ta ita ma ta karanta, sannan na tura da ban haƙuri.

Ranar Litinin na ba malamarmu labari bayan darasi. Sai da ta gama dariyarta, sannan ta rubuta mini a allo: gayyata(ango="Nura", amarya="Hadiza", mai_gayyata="Malam Idi").

"Wannan shi ake kira keyword argument," ta ce. "Ki haɗa kowa da matsayinsa, kamar yadda kike haɗa suna da lamba a dikshonari. In kin yi haka, ko wa kika fara rubutawa, ba zai zauna a kujerar wani ba."

An ɗaura aure lafiya, kuma da Nura aka ɗaura. Har yau in ya zo gaisuwa Kaka sai ya ce a shimfiɗa wa abokin takararsa tabarma.

Ni dai abin da na koya shi ne, kwamfuta ba ta san kakan kowa ba. In ba ka gaya mata wane ne ango ba, duk wanda ta tarar a ƙarshen layi shi za ta ɗaura wa.