Ledar Ɓawon Mangwaro a Jakar Hajiya

Ba zan taɓa mantawa da wani suna da aka yi a unguwar Belleville ta birnin Paris ba, ko da yake na so in manta.

Shekara uku ke nan ina birnin Lyon ina bincike kan yadda ɓawon mangwaro da na lemu zai zama ledar naɗe abinci, wadda in an yar za ta ruɓe ta bi ƙasa. Ta kuwa fito, shara-shara, gwanin kyau. Sai dai a kan biskit kaɗai muka gwada ta (na san haka sarai, kada wanda ya tausaya mini).

Yayar saurayina ce ta haihu, mahaifiyarsu Hajiya ta zo daga Maradi. Ranar za ta fara ganina, kuma an tsegunta mini tana tambaya, "Wai yarinyar nan mai tsintar ɓawo, me take karantawa?" Abin ya ci mini rai. Na cika jaka da ledata na hau jirgin ƙasa sai Paris.

Da aka zo rabon abincin tafiya gida, na ture robobin da aka tanada. "Ku bari, da tawa na zo!" Na naɗe wa Hajiya dambun kopto, wato na zogale, mai zafi, da nama, da mai, ina ta zuba bayani babu wanda ya tambaye ni. Ta juya ƙunshin, ta ce, "Madalla, ɗiyata," ta sa a jakarta. Kaina ya kumbura.

Ni na raka ta a metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa masaukinta a unguwar Barbès. Ba mu yi tasha uku ba na hangi mai yana ɗiga daga jakar bisa farin leshinta. Wayyo ni! Ledata ta ji zafi da laima, ta narke. Hajiya ta sa hannu ta ciro carbinta, kowane ɗa da dambunsa. Baturen da ke gefenta ya tashi ya sake kujera.

Ta dube ni a natse. "Ɗiyata, shekara nawa kika ce kina wannan aiki?"

"Uku, Hajiya."

"To, Allah ya ba da sa'a. Amma ranar bikinku, a bar mu da roba."

Kunya kamar in nutse, amma kunnena ya kama "bikinku", sai ga ni ina goge mata leshi da mayafina ina washe baki kamar wata shashasha.

Tun daga ranar, duk abin da na ƙera, a jakata nake fara gwada shi, bakina kuma a rufe.