Ranar da Aka Auna Tsoron Ƙosau

A wani daji da ke bayan Dutsen Gauraka, tun ranar da aka ga Dila ya aro mudu wajen mai gero ya kamata dattawa su san akwai magana. Amma ba wanda ya tanka, don shi Nomau Bushiya, wanda ya jawo abin, da kyakkyawar niyya ya jawo shi.

Nomau ɗa ɗaya gare shi, Ƙosau, yana karatun addini a makarantar Malam Kunkuru, gindin tsamiya. Shi uban karatunsa bai yi nisa ba, shi ya sa abin ya tsaya masa a rai. Kullum yaron ya dawo sai ya tare shi: "Ƙosau, me ke karya alwala?" Yaro sai ya dunƙule, ƙaya ta ko'ina. Kwana da kwanaki haka, har Nomau ya rame. Ya kai kuka majalisa.

"Ranku ya daɗe," in ji shi, "ban zo ƙarar kowa ba. So nake in sani, yaron nan yana samun wani abu kuwa? In inuwar ce ba ta isa ba, a faɗa mini. In malamin ne, a faɗa mini. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuwa ban san ta inda zan kama nawa ba."

Dila ya miƙe ya gyara murya. "Abin da ba a auna ba, jita-jita ne. A ba ni mudu da igiya, in zaga makarantun dajin nan, in kawo muku addini a aune."

Ya kuwa zaga. Ya auna faɗin inuwa, ya auna tsawon bulala, ya zuba tawada a mudu. A makarantar kwaɗi ya auna ƙarfin murya, ya fito yana sosa kunne. Da ya iso gindin tsamiya, Malam Kunkuru bai gama amsa sallama ba Dila ya gama aikin igiya. Sai ya tsaya a kan Ƙosau, haƙora waje, mudu a hannu.

"Kai yaro, me ke karya alwala?"

Ƙosau ya dunƙule.

Dila ya zagaya shi, ya kifa masa mudu, ya ɗaga. "Cif! Mudu guda, ba ragi."

Ranar bayani daji ya cika. Dila ya ce, "Jama'a, na ga inuwa, na ga bulala, na ji hayaniya. Amma natsuwa, a makarantar Kunkuru kaɗai na same ta. An tambayi yaro, ya sunkuyar da kai har ya haɗe da ƙafa. Saboda haka daga yau kowace makaranta ta koya wa yara dunƙulewa."

Raƙumin Dawa ya dubi dogon wuyan 'yarsa.

Nomau ya zabura. Ya matso gaba. "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Wannan ba natsuwa ba ce. Tsoro ne."

"Madalla!" in ji Dila. "Uban da kansa ya shaida. Tsoron Allah, ai shi muke nema tun farko."

"A'a, wato, tsoron..."

Duk idon daji ya dawo kansa. Kafin Nomau ya ankara, ya dunƙule.

Malam Kunkuru ya leƙo da kai a hankali. "To, Malam Dila, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uban kuwa ban taɓa koyar da shi ba. A mudun wa za a zuba shi?"

Aka watse ana musu.

A hanyar gida uba da ɗa suka tarar da tsohuwar Buzuzu ta kife a bayanta, tana harba ƙafafu. Ƙosau ya yi bisimilla, ya sa hanci ya juyo ta. "Sannu, Iya. Allah ya kiyaye gaba."

Nomau ya tsaya cak, idonsa ya kawo ruwa. Ya sassauta murya iyakar iyawarsa. "Ɗana, wa ya koya maka wannan? Malam ne, ko babarka?"

Ƙosau ya dunƙule.

Nomau ya zauna kusa da shi, ya jira, bai sake tambaya ba.

Har yau ba a san ko a makaranta yaron ya koya ko a gida ba. Mudun dai an mayar wa mai gero.