Na Kalli Fim Ido a Rufe

Ko na so in manta, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da asirina ya tonu a gidan bikin Bawa tela, a gaban mutanen Bagudo da baƙi daga Dahome. Amma bari in faro daga inda na haƙa wa kaina ramin.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina sabon malamin elementare a Bagudo, aka tura ni kwas Sakkwato. Kwana biyu muka yi a bayan babbar mota, kan buhunan shinkafa. Ranar da na sauka abokan kwas suka ja ni sinima, wai ana nuna wani fim na Indiya da ya tashi kan garin. Na biya kuɗina, na sami benci, na ga rubutu yana hawa bango. Abin da na sani bayan wannan shi ne mai shara yana zungurar ƙafata da tsintsiya, fili ba kowa. (Allah ne shaidata, ko fuskar mutum ɗaya ban gani ba.)

Don in huce haushi, washegari na shiga kanti na sayi waƙoƙin fim ɗin: faifan garmaho uku cikin jakar kwali, waƙa shida. A bayan jakar akwai hoton wani saurayi ya zaro ido, da wata mace ta rufe baki da hannu.

Duk Bagudo mutum ɗaya ke da garmaho, shi ne Bawa tela, don haka da na dawo rumfarsa na kai su. Jama'a, kafin mako ya zagayo gari ya ɗauka. Mata na daka da kiɗan, masunta na bin sa da fito a bakin kogi, ranar kasuwa mutanen Zagga da Matsinkai sai sun biyo sun ji kafin su kama hanya. Allurar garmaho ta ƙare, muka koma fiƙe ƙayar aduwa. Liman ya ce wannan shagala ce, amma mun lura buzunsa na hutawa kullum ƙara matsowa yake wajen rumfar.

Ana haka wata rana Bawa ya dakatar da kekensa ya ce, "Malam, kai da kag gani da idonka, wai mi anka yi cikin sinimar ga?"

Nan ne ya kamata in ce barci na yi. To, amma ni malami ne, ga agogo a hannu, ga idanu kusan talatin a kaina. Na yi gyaran murya na ce, "Labarin baƙin ciki ne." Ni a kunnena duk muryoyin kamar kuka suke. Daga nan na shiga saƙa. Kowace waƙa na yi mata labarinta, kuma kullum labarin ƙara ƙiba yake. Makon farko mutum biyu suka mutu a fim ɗin, kafin wata ya ƙare na kashe biyar. Na ga manyan mutane masu gemu suna share ido da hannun riga, ni kuwa ina ta kumbura.

Waƙa ta uku ita ce ta ɗaure ni. Muryar mace ce siririya, da wata ƙararrawa da ke kaɗawa jefi-jefi. Na ce uwa ce tsaye a bakin ruwa tana kiran ɗanta da ya shiga jirgi ya tafi neman arziki, ƙararrawar kuma ta jirgin ce. Ban lura ba ashe Gwaggo Tumba, wata tsohuwa mai sayar da bandar kifi, tana tsaye da tirenta a ka. Ɗanta guda ɗaya, Garba, shekara bakwai ke nan da ya bi jirgin fatake zuwa Gwalkwas, wato Ghana ta yanzu, ba wasiƙa ba saƙo.

Ta sauke tiren a hankali ta ce, "Ɗan nan, to yaron ya komo?"

Na ce, "Ya komo, Gwaggo. A ƙarshen fim ɗin ya komo."

Tun daga ranar, duk Jumma'a bayan an sauko masallaci sai ta zo ta zauna a gefen rumfa, a sa mata waƙa ta uku. Ta yi kukanta ba sauti, ta sake yi mini tambayar nan, in sake ba ta amsar nan, ta ajiye mini kifi guda ta tafi. Na san kifin ladan ƙarya ne, amma ban fasa ci ba. Sau da yawa na yi niyyar gaya mata gaskiya, sai in ga yadda take tashi da ƙarfinta, in ce bari sai wata Jumma'ar.

Sai bikin ɗiyar Bawa ya zo. Angon ɗan kasuwa ne daga tsallaken iyaka, ya zo da 'yan uwansa mota guda. Da la'asar aka fito da garmaho tsakar gida, aka ce Malam ya ba baƙi labari. Na sha babbar riga, na tsaya a tsakiya, na ɗora waƙa ta uku. Na dafa ƙirji na fara, "Wannan uwa ce, jama'a, a bakin ruwa..."

Wani daga cikin baƙin, direba ne mai suna Musa, wan ango, ya fara tari. Na ɗauka tausayi ne ya kama shi, sai na ƙara karya murya. Ƙararrawa na kaɗawa kawai mutumin nan ya faɗo daga kan tabarma yana riƙe ciki. Dariya yake har da hawaye.

"Wace uwa?" in ji shi. "Malam, sau huɗu ni ga sinimar ga a Kwatano. Ba wanda yam mutu! Abin ban dariya na tun farko har ƙarshe. Wagga budurwa ta, saurayi yaz zo zance, bajimin babanta yab biyo shi, yah haye iccen mangwaro wando yage. Ita ko tana ƙasa tana yi mai waƙar tsiya. Ƙararrawar da kaka ji, ta wuyan bajimin ta!"

Ya ɗauki jakar kwalin ya nuna matar da ta rufe baki. Watanni ina gaya wa mutane kuka take ɓoyewa. Da na dube ta da kyau a ranar, ko makaho ya san dariya take dannewa.

Faifai na ta juyawa, Bawa ya dube ni ya ce, "Malam, to mutum biyar ɗin da kak kashe fa?"

Na ji da ƙasa za ta tsage da na shige da babbar rigata. Da wata 'yar murya wadda ni ma ban san ina da ita ba na ce, "Barci na yi."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mata na guɗa, wani tsoho da ya fi kowa yi mini kuka ya ce lalle sai na biya shi hawayensa. Duk wannan bai dame ni ba kamar abu ɗaya: Gwaggo Tumba na zaune a bakin zaure, ita kaɗai ba ta dariya. Na kasa kallon wajen.

Ta taso da sandarta har gaban Musa. Ta ce, "Ɗana, kai da kag gani da gaske, yaron ya komo gida?"

Dariya ta ɗauke. Musa bai san ta ba, amma ya dubi fuskarta, ya dubi tawa, ya gyara zama ya durƙusa. Ya ce, "Inna, ya sauko lahiya lau. Ya komo gida, har anka yi mai arme."

"Alhamdu lillahi," in ji ta. Sannan ta juyo gare ni. "Kai ko, Malam, Allah shi shirye ka."

Jumma'ar da ta biyo na ƙi zuwa rumfa, na kulle kaina a ɗaki wai ina gyaran littattafan yara. Bawa da kansa ya zo ya ce in taso, Gwaggo ta ce ba mai ɗora mata faifai sai maƙaryacinta. Na je kaina a ƙasa, na fiƙe ƙaya, na sa waƙa ta uku. Ta zauna tana saurare. Ƙararrawa na kaɗawa sai na ga kafaɗunta na rawa, na ce shi ke nan, na sake sa ta kuka. Ashe dariya ce.

"Haka Garba yake," ta ce, tana share ido da gefen zane. "Ga shi ƙato, shina iya kama giwan ruwa da hannu, amma ko ɗan maraƙi yag gani sai ya haye danga."

Ta daɗe tana ba mu labarin tsoronsa da cinsa da tsiyarsa, abin da ba wanda ya ji daga bakinta tsawon shekara bakwai. Garba dai har na bar Bagudo bai dawo ba, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. Amma ba ta ƙara tambayata ko yaron ya komo ba. Sai dai ta zauna ta ce, "Sa muna ta mai wando yagagge."

Abin da na koya kuwa, in mutum ya ga lalle sai ya yi ƙarya, kada ya yi ta a garin bakin iyaka. Ni na tsare hanyar Sakkwato da kyau, na manta akwai wata hanyar da ke shigowa daga Dahome.