Yadda Shagon Kaka Ya Hau Layin Farko

"Lafiya lau, sai dai ganin ki. Da na san ke ce da ban amsa sallamar ba."

Haka Kaka ya tarbi jikarsa, bai ko ɗago kai daga keken ɗinkin da ya warware a gabansa ba. Tsoho ne mai gyaran keken ɗinki, shagonsa ɗan ƙarami a ƙarshen layin teloli, kawunan kekuna jere a kan kanta suna ƙamshin mai. Ita kuwa 'yar babban ɗansa ce, sana'arta gina wa mutane shafukan intanet. Amarya yake ce mata tun tana rarrafe, ita kuma ta ce masa Ango, har sunayen suka bi su a bakin maƙwabta.

"Ni ma ba wajenka na zo ba," in ji ta, tana ture gwangwanin kusoshi ta zauna a kan benci. "Kekunan na zo gaisarwa, su ne masu amfani a shagon nan."

Wasa suke, amma akwai magana a ƙasa. Tsofaffin telolin da suka san hannun Kaka sun ƙare, wasu sun rasu, wasu ido ya gaza. Na yanzu kuwa in keke ya lalace ba sa tambayar kowa, waya suke ɗauka su bincika. Aiki ya ja baya har 'ya'yansa suka yi shawara a rufe shagon ya koma gida ya huta. Kaka ya ce wannan ba hutu ba ne, kabari ne mai fanka. Amarya ce kaɗai ta tsaya masa, ta roƙi babanta a ɗan jinkirta, ta buɗe wa shagon shafi. Sai dai Kaka ya kafe sai yadda ya so za a yi. Ya sa aka rubuta kirarinsa a saman shafin, Gagarau Mai Sa Ƙarfe Ladabi, aka liƙa wani ƙaton hotonsa da sabuwar hula. Shafin ya nutse can ƙasan sakamakon bincike, inda ko ɓatan kai ba ya kai mutum. Da ya ga ba labari, ya ce ta yi yadda ta ga dama, shi ya wanke hannunsa. To, yau ta zo da sakamakon.

Ta miƙa masa wayarta, ta ce ya rubuta "gyaran keken ɗinki" da kansa. Ya ce yatsunsa na aiki ne, ba na shafar gilashi ba. Ta ce ya dai faɗi gaskiya, haruffan ne ba ya gani. Ya fizge wayar, ya gyara tabarau, ya yi ta dannawa da ɗan yatsa ɗaya kamar mai kashe tururuwa. Da sakamakon ya fito, sai ya matso da wayar kusa da idonsa. Sunan shagonsa ne a layin farko, da taswira, da lambar waya.

"To, gani ya kori ji," in ji Amarya.

Kaka ya aje wayar a hankali, ya gyara zama. "Ai na san za a rina. Injin binciken nan ya gaji da kunya ne. Ya duba gabas ya duba yamma bai ga kamata ba, dole ya miƙe ya ba babba wuri."

"Ina girman naka yake lokacin da kake can ƙasa, har mai gyaran keken hawa yana bisa kanka?"

"Ina ba yara dama ne. Wanda ya riga ka kwana ai zai riga ka tashi."

"Kai kam ka riga kowa kwana, amma sai da na yayyafa maka ruwa ka farka."

Ya tambaye ta, yana wani basarwa, wane asiri ta yi. Ta ce ba asiri, abu na farko kirarin ta cire. Ya kama baki, ya ce kirarin da teloli suka yi masa tun ba a haifi ubanta ba? Ta ce matar da kekenta ya tsaya tana tsaka da ɗinkin mutane ba Gagarau take nema ba. Abin da ke damun ta take rubutawa: keke na tsinke zare, keke na tsallake ɗinki, allura na karyewa. Don haka ta yi wa kowace matsala shafinta da irin kalmomin da mutane ke rubutawa, ta sa bayanin abin da mutum zai fara dubawa da kansa, in ya gagara ga shago.

"Wa ya ba ki bayanin?"

"Wani tsoho mai surutu. In na tambaye shi abu ɗaya sai ya ba ni tarihin ƙarfe."

"Ashe dai kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo. Ilimina ne kika kwashe."

"Iliminka da ka kulle a ka kamar tsumma a randa. Ni na shanya shi ya sha iska."

Ya zura yatsa yana jan shafin sama da ƙasa, can ya tsaya. Ya tambayi ina hotonsa. Ta ce ta sauke shi, nauyinsa ya sa shafin ba ya buɗewa da wuri, mutum ya gaji da jira ya wuce, injin kuma yana lura da shafin da ake gudu. Ta sa ƙaramin hoton hannuwansa suna gyara a madadinsa.

"Hotona ne ke da nauyi? Kwarjini ne, yarinya. Waya ba ta iya ɗaukar kwarjini."

"Ai kuwa ya kori mutane. Wata ta ce mini ɗanta ya ga hoton ya ƙi cin abinci."

"Wannan fuskar? Da ita na auri kakarki, 'yan mata suna kuka a hanya."

"Kukan tausayinta suke yi."

Ya ɗaga sukudireba kamar zai jefe ta, ta kare da jakarta tana dariya. Sannan ta ƙarasa masa sauran. Ta bi layin teloli shago shago tana roƙon waɗanda ya taɓa yi wa aiki su rubuta shaidarsu a ƙarƙashin sunan shagon. Ta sa ƙungiyar teloli ta ambaci shafinsa a nata, domin injin ma kamar mutane yake, wanda ake yawan ambato da alheri shi yake turowa gaba. Kaka ya ce ita dai ta yi yawon bara da sunansa. Ta ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, gaskiya ne, amma ita ba rimi ta hau ba, waya ta riƙe.

Suna cikin haka wata mota ta tsaya a ƙofar shagon. Wata mata ta fito ta yi sallama, ta ce ita ce shugabar wata makarantar koyon ɗinki a can ɗaya gefen gari, ga kekuna cike da bayan mota, wasu kuma suna makaranta. Kaka ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya yi wa Amarya wani kallo ta gefen ido.

"Hajiya, ki gaya wa yarinyar nan gaskiya. A bakin wa kika ji labarina?"

Matar ta ɗan yi murmushi, ta ce ya yi haƙuri, ba ta taɓa jin sunansa ba sai shekaranjiya. Kekunan ɗalibanta ne suka dame ta da tsinke zare, ta rubuta hakan a waya, shafinsa ya fito a sama. Ta bi bayanin ta gyara ɗaya da kanta, sauran suka ƙi, sai ta ce wanda ya ba da wannan kyauta ai ya san aikinsa. Ta ƙara da cewa hoton hannuwan nan ma ya kwantar mata da hankali.

"Kin ji ko? Hannun wa?"

"Naka. Wa ya yanke fuskar?"

Matar ta rasa gane kan zancen, amma dariya ta kama ta. Suka shigo da kekunan har kanta ta cika, aka jera sauran a ƙasa. Kafin ta tafi ta ce tana so ya riƙa zuwa makarantar yana duba musu kekuna a kai a kai. Kaka ya ce zai duba lokacinsa, don mutum ne mai jama'a. Amarya ta yi tari.

Motar na tashi ya ce Amarya ta kira masa ubanta. Ta kira ta miƙa masa. Ya juya mata baya ya fuskanci bango, ya shaida wa ɗan nasa da babbar murya cewa shago ba ya rufuwa, wanda ke son hutu ya je ya huta, shi aiki ya yi masa yawa. Daga nan ya sassauta murya kamar mai raɗa.

"'Yarka ce ta yi wannan aiki, Allah ya yi mata albarka. Ni ban taɓa ganin kai irin nata ba. Amma kada ka kuskura ka gaya mata."

"Baba," in ji ɗan, muryarsa ta cika shagon, "ai a lasifika ta sa wayar."

Kaka ya waiwayo a hankali. Amarya na zaune ta harɗe hannuwa, bakinta har kunne. Ya dube ta, ya dubi wayar, sai dariya ta ƙwace masa har yana dafa kantar shagon yana share ido. Ya laluba aljihu ya ciro makullan shagon, ya zare ɗaya ya jefa mata a cinya.

"Na sara miki, Amarya. Ungo, shagon namu ne ni da ke. Ki riƙa zuwa da wuri kina shara."

Ta ɗaga makullin ta jujjuya shi, ta jefa a jaka. "Zan riƙa zuwa da wuri, Ango. Tsintsiyar kuma tana nan bayan ƙofa inda ka saba ɗaukar ta."