Damin Tiya Talatin

Ko na manta da komai na shekarun koyarwata, ba zan taɓa mantawa da damin tiya talatin ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma abin haushin shi ne na rasa wanda zan ɗora wa laifi sai ni.

Lokacin ana tsakiyar hayaniyar dimokuraɗiyya, kowa ya samu bakin magana. Yajin aiki ya cinye mana rabin shekarar da ta wuce, yara sun dawo lakol, wato makarantar boko, kai fayau. Ni kuwa sabon malami (Mushe, in ji yara da faransancinsu), ɗan birnin Maraɗi, aka jefa ni wani ƙauye kusa da Gangara. Abu ɗaya ya rage a tabbatar da ni a aiki: insifekta ya zo ya kalli darasina, ya sa hannu. In bai sa ba, sai baɗi.

Insifektan nan, wani dattijon Bagobiri daga wajen Gidan Rumji, ya sha faɗa mana a taro mu daina ba yara misalin jirgin ƙasa da famfon da ke cika baho, tunda ba su taɓa ganin ko ɗaya ba. A ɗauko misali daga gida, a warware shi a allo mataki-mataki. Sannan a kawo na biyu a bar matakin ƙarshe a buɗe, yaro ya cika, ya kuma faɗi dalili. Na ce ai wannan kamar shan ruwa ne.

Kaka ce, dammunan hatsi jibge ko'ina har bakin ajinmu (ajin zana ne, in ka jingina da ƙarfi sai ka faɗa gonar mutane). Sai na zaɓi dami. Na tsara: dami uku sun ba da hatsi kwanon awo, wato tiya, casa'in, a raba uku, dami ɗaya tiya talatin ke nan, sai a ninka. Casa'in ɗin na zaɓe ta ne kawai don tana rabuwa babu saura. A gidanmu hatsi a buhu yake zuwa, ban taɓa tsayawa wurin sussuka ba, kuma girman kai bai bar ni na tambayi kowa ba.

Ranar ta zo. Insifekta ya zauna a baya tare da direktan lakol, ga shugaban iyayen yara, Malam Ɗan Jimo, wanda ya ce yanzu zamanin 'yanci ne, shi ma sai ya ga abin da ake zuba wa 'ya'yansu. Na warware misalin farko da faransancina mai ƙamshi, har da alli mai launi. Aji ya yi tsit, ni kuma na ɗauka burge su na yi. Na rubuta na biyu, na bar layin ƙarshe, na kira Dije, yarinyar da ta fi kowa kai a ajin, don in rufe darasin da armashi.

Ta riƙe alli ta tsaya. Na ƙifta mata ido, ta ƙi motsi. Insifekta ya ce ta faɗi abin da ya tsayar da ita, ko da Hausa ne. Sai ta juyo ta dube ni, babu ko alamar tsokana a fuskarta.

“Mushe, wanga dami wa za ya ɗauke shi? Namu, ko na shekara mai albarka, da ƙyar ya kai tiya shida.”

Malam Ɗan Jimo ne ya fara, dariya har da riƙe ciki, aji duka ya ɗauka. Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma ina, zuciya ta ɗebe ni, na tsaya ina kumfar baki cewa lissafi ba ruwansa da nauyi, matakaina duk daidai suke (kuma daidai suke, har gobe ina kan bakana). Insifekta ya bari na gama, sannan ya ce:

“Ɗana, yaran ga ba rabawa suke kallo ba tun ɗazu. Daminka suke kallo. Ka sa su zaɓi tsakanin malaminsu da idonsu.”

Ya rufe takardunsa bai sa hannu ba. Shekara guda cur na ƙara jira saboda lambar da kowace tsohuwa a ƙauyen za ta gyara mini kyauta. Na kwana biyu ina zagin dimokuraɗiyyar da ta ba yarinya baki a gaban insifekta, kafin na yarda cewa ni da kaina na kira ta allo.

Tun daga nan ba na rubuta lamba a misali sai na tambayi masu abin. Kwanan baya a kasuwar Cadawa na tsaya gaban wata mai awon hatsi, uwar 'ya'ya da furfurarta. Ta ƙura mini ido, ta ajiye tiyar. Ashe cikin yaran ajin nan nawa take.

“Mushe, a auna maka, ko ka taho da daminka?”